Wasan golf: yadda masu ɗaukar jaka suka zama zakarun duniya, da darasin da mai koyo zai ɗauka

A idon mutane da dama golf wasan masu hannu da shuni ne, kuma tsadar sanduna da kuɗin shiga kulob sun ba wannan zato ƙarfi. Sai dai tarihin wasan cike yake da ƴaƴan talakawa da suka shigo fili don neman na abinci, suna ɗaukar wa manya jakar sanduna, daga baya suka fi iyayen gidan nasu iya bugu. Matasanmu da ke zaune a Amurka ko Turai, inda ake biyan kuɗi kaɗan a ba mutum bokitin ƙwallaye ya yi atisaye, da yaran da ke ɗaukar jaka a filayen Kano, Kaduna ko na rairayin da ke wajen Yamai, duk suna da abin koyi a rayuwar waɗannan mutane.

Dokar wasan ba ta da wuyar ganewa. Fili yana da ramuka 18, kowane rami faɗinsa milimita 108. Ana so ɗan wasa ya jefa ƙwallo a kowanne da mafi ƙarancin bugu, kuma ba a yarda ya riƙe sanduna fiye da 14 ba. Wahalar tana ga jiki: sanda da ƙwallo suna haɗuwa ne na kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma a wannan ɗan lokaci ake yanke inda ƙwallon zai faɗa.

Mutumin da ya tono nasara daga ƙasa

An haifi Ben Hogan a jihar Texas ta Amurka a 1912. Yana ɗan shekara 11 ya fara ɗaukar jaka a wani kulob na birnin Fort Worth. Da ya shiga sahun ƙwararru a 1930 bai ga da kyau ba, domin ƙwallonsa ya riƙa karkata hagu da ƙarfi, har aljihunsa ya ƙare fiye da sau ɗaya. Sai a 1940 ya ci gasarsa ta farko shi kaɗai, wato bayan shekara goma yana fama.

Abin da ya bambanta shi da tsararrakinsa shi ne sa'o'in da ya riƙa kwashewa a wurin atisaye, yana gwada riƙo da tsayuwa ɗaya bayan ɗaya har ya shawo kan karkatar ƙwallon. A ranar 2 ga Fabrairu 1949 wata babbar motar fasinja ta yi karo da motarsa cikin hazo, ya karye a ƙugu da ƙashin wuya da idon sawu da haƙarƙari. Bayan wata 16 ya ci gasar US Open ta 1950 da ƙafafu a ɗaure. A 1953 kuma ya lashe uku daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya. Littafin da ya fitar a 1957 a kan darussa biyar na wasan ya fara ne da yadda ake riƙe sanda, kuma har gobe masu koyarwa daga nan suke farawa.

Riƙo da tsayuwa

Yawancin masu koyo suna damƙe sanda kamar za a ƙwace musu ita. Wannan yana sandarar da wuyan hannu, bugun ya rasa gudu. Ga mai bugu da dama, hannun hagu ne ke sama, sandar tana kwance a gindin yatsu, kuma idan ya dubi ƙasa ya kamata ya ga ƙullin yatsu biyu na bayan hannun. Hannun dama yana biyo baya a manne da na hagu, su zama kamar hannu guda.

Dalilin ba riƙo muhimmanci shi ne, na'urorin auna bugu na zamani sun nuna cewa inda fuskar sanda ke kallo lokacin haɗuwa da ƙwallo shi ke da kaso mafi girma wajen yanke hanyar da ƙwallon zai fara bi. Idan fuskar ta buɗe dama fiye da hanyar da sandar ke bi, ƙwallon zai lanƙwasa dama, kuma wannan ita ce cutar da ta fi damun sabon shiga. Sau da yawa maganinta yana hannu, tun kafin a ɗaga sanda.

A tsayuwa kuwa, tazarar ƙafafu ta yi daidai da faɗin kafaɗu, gwiwa ta ɗan saki, a sunkuya daga ƙugu, baya a miƙe. A ajiye sanda ɗaya a ƙasa tana nuna wurin da ake nufi, yatsun ƙafa su jeru da ita. Mutum yakan rantse ya saita daidai, alhali jikinsa na kallon wani wuri dabam.

Darasin da rairayi ke koyarwa

Sabon shiga yakan yi ƙoƙarin kwaso ƙwallo daga ƙasa ya ɗaga shi sama. Ɗagawa aikin karkatar fuskar sanda ne. Da sandar ƙarfe, ana bugun ƙwallo tukuna, sannan sandar ta taɓa ƙasa a gabansa, nauyin jiki ya koma kan ƙafar gaba.

A nan mazaunin Sahel yake da abin da ya fi ciyawa. Ja layi a kan rairayi, ka tsaya layin yana tsakanin ƙafafunka, ka yi ta lilon sanda ba tare da ƙwallo ba. Duk inda sandar ta kafta za ka gani da idonka. Idan tabon yana bayan layi, nauyinka ya maƙale a ƙafar baya. Idan ya fara daga layi zuwa gaba, ka kama hanya. Seve Ballesteros na ƙasar Sifen, wanda shi ma ya ɗauki jaka yana yaro, a bakin tekun garinsu Pedreña ya koyi bugu iri-iri da sandar ƙarfe guda ɗaya tak. Yana da shekara 22 ya ci gasar Open ta Birtaniya a 1979, kuma ya tara manyan kofuna biyar.

Ina ya kamata a zuba lokaci?

An daɗe ana cewa gangara ƙwallo cikin rami daga kusa shi ne sirrin cin gasa. Mark Broadie, malami a jami'ar Columbia ta birnin New York, ya tattara bayanan bugun ƴan wasa masu ɗimbin yawa, kuma a littafinsa na 2014 ya nuna cewa bugun da ake yi daga nesa don kusantar rami ya fi raba gwanaye da sauran jama'a. Alƙaluman gasar PGA ta Amurka ma sun nuna cewa daga tazarar mita biyu da rabi, kusan rabin ƙwallayen ƙwararru ne kawai ke faɗawa rami. Saboda haka mai koyo ya daina cin ransa idan ya kuskure daga wannan tazara. Abin da zai rage masa bugu da sauri shi ne ya daina ɓatar da ƙwallo a daji, kuma ya daina yin gangare uku a rami ɗaya.

Yadda ake atisayen ma yana da tasiri. Wanda ya zazzage bokiti da sanda ɗaya, yana bugu babu wurin da ya nufa, gumi kawai ya yi. A fili ba a maimaita bugu iri ɗaya sau biyu a jere, don haka bayan an ɗumama jiki, musamman baya da kafaɗu, gara a riƙa sauya sanda da wurin nufi a kowane ƙwallo. A ba aboki wayar salula ya ɗauki bidiyo daga baya da kuma daga gefe, domin abin da jiki ke ji da abin da yake yi sukan sha bamban. A kuma rubuta sakamakon kowane zagaye, don a san inda bugu ke zuba.

Haƙurin canza abin da ke aiki

Gyara yakan fara da koma baya, kuma nan ne da yawa ke sarewa. Tiger Woods ya ci gasar Masters ta 1997 da ratar bugu 12 yana ɗan shekara 21, amma duk da haka ya zauna da mai horar da shi, Butch Harmon, suka sake fasalin lilonsa. A 1998 gasa ɗaya kawai ya ci a zagayen PGA. A 2000 ya lashe US Open da ratar bugu 15, kuma zuwa Afrilun 2001 manyan kofuna huɗu duk suna hannunsa lokaci guda.

Hausawa na cewa yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Matashin da ke tunanin kashe kuɗinsa a kan sabbin sanduna zai fi cin riba idan ya sayi tsofaffi guda uku ko huɗu, ya biya gwani ya duba masa riƙo da tsayuwa, sauran kuɗin kuma ya zuba su a ƙwallayen atisaye.