Babban Baƙi Kaɗai Ba Ya Raba Masu Suna Ɗaya

Kwanakin baya mun ba 'yan ajinmu aikin gida, muka ce kowa ya rubuto mana layi 10 a kan garin Tamale. Washegari sai ga wani yaro da bayanin wani abincin mutanen Meziko, wanda ake yi da ƙullun masara a naɗe shi cikin ɓawonta a turara. Aji ya ɓarke da dariya. Amma da muka bincika sai muka tarar yaron bai yi ƙarya ba. Wayar yayansa ya ara, ya buɗe kundin sanin nan na intanet, Wikipedia, sashen Turanci, ya rubuta Tamale, abin da ya fito masa ke nan. Mai neman babban birnin Jihar Arewa sai ya nemi shafin da aka sa wa "Tamale, Ghana".

To, jama'a, wannan ne ya kai mu ga wata muhawara da masu rubuta kundin suka daɗe suna yi. Shi dai Wikipedia an kafa shi ne a shekarar 2001, kuma dokarsa ita ce shafi biyu ba sa ɗaukar kai iri ɗaya. Idan abu biyu suka yi tarayya a suna, dole a san yadda za a raba su. A sashen Turanci an yarda wani lokaci girman baƙi kaɗai ya yi wannan aiki. Misali, "Ice cube" ƙanƙarar da ake jefawa a ruwan sha ce, "Ice Cube" kuwa mawaƙi ne kuma ɗan wasan fim na Amurka. Haka MAVEN da manyan baƙaƙe duka kumbo ne da Amurka ta harba zuwa duniyar Mars a 2013, alhali "maven" a Turanci gwani ake nufi. Masu goyon bayan wannan tsari suna cewa wanda ya wahalar da kansa ya danna babban baƙi, lalle ya san abin da yake nema, kuma ana sa ɗan layi a saman shafi don nuna wa wanda ya ɓata hanya.

Mu dai a ganinmu wannan hujja ba ta isa ba, musamman ga irin mutanenmu na zango.

Na farko, na'urar kundin da kanta take mayar da baƙin farko na kowane kai ya zama babba. Saboda haka dabarar ba ta aiki ga suna mai kalma ɗaya irin Tamale, ko Wa, babban birnin Jihar Yamma ta Sama. A takarda muna raba garin Wa da kalmar "wa" ta tambaya ko ta ɗan'uwa da babban baƙi, amma a kan shafi duk ɗaya suke.

Na biyu, babban baƙi ido kaɗai ke ganinsa, kunne ba ya jin sa. Mai karanta labarai a rediyo ba shi da hanyar furta shi. Makahon da waya ke karanta wa rubutu, shi ma yawanci ba zai ji bambanci ba. Ga kuma iyayenmu da suka yi karatun allo: a ajami, kamar a Larabci, babu babban baƙi babu ƙarami. Yaranmu kuwa, duk wanda ya leƙa saƙonnin da suke aika wa juna ya san ba su damu da girman baƙi ba.

Na uku, sau da yawa masu sunan duk manya ne. Mu a nan, tun zamanin kakanninmu fatake, Ankara muke ce wa babban birnin ƙasarmu. Babban birnin Turkiyya shi ma Ankara. Ga kuma "ankara" ta lura da abu. Babban baƙi zai fitar da ta ukun, amma ya bar birane biyu suna kallon juna. Haka Gaya: akwai ta Jihar Kano, akwai ta Nijar a bakin iyakar Benin, akwai ma wata a Indiya, ban da "gaya" ta faɗa wa mutum magana, da gayan tuwo marar miya.

Kada mu manta rubutun bokonmu dama yana ɗauke da nasa nauyin. Ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali, sai a ƙamus irin na Bargery na 1934. Baƙaƙe masu ƙugiya ma, wato ɓ, ɗ da ƙ, mutane da yawa suna tsallake su a waya. Ta haka garin Kura, da kura ta daji, da ƙurar hanya suke komawa abu guda. Harshen da ke fama da wannan, ina dalilin ƙara rataya ma'ana a kan wani siririn zare?

Abin mamaki, maganin yana nan cikin gidajenmu. Idan Musa uku suka taru a unguwa, ba wanda ke raba su da ɗaga murya. Sai a ce Musa Tela, Musa Dogo, Musa na Hajiya. A rajistar aji ma haka muke yi, mu haɗa da sunan uba. Kalma ɗaya ta ƙari tana aiki ga mai gani da mai saurare, ga ɗan boko da almajiri.

Don haka muna kira ga samarinmu da suka fara rubutu a sashen Hausa na kundin: idan kun buɗe wa wani gari ko wani malami shafi, ku ba shi laƙabinsa. Ku rubuta "Wa (Gana)", ku rubuta "Gaya (Nijar)", ku sa ƙugiya inda ta dace. Mu kuma malamai, mu koya wa yara su karanta layin farko na kowane shafi kafin su fara kwafa. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma kama da wane ba wane ba ne.

Yaronmu dai ya sake aikinsa, ya kawo mana Tamale ta Dagomba da kasuwarta. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.