An Sa Sabuwar Filta, Mota Ta Ƙi Tashi

Shirinmu na musamman na yau ya sauka Gidan Rumji, a bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Ƙonni da Madawa, ta wuce Maraɗi da Agiye da Gazawa har Damagaram. Manyan motocin da ke dakon gero da wake da aya a wannan hanya gazuwal suke sha. Haka taraktoci, haka yawancin injinan niƙa na ƙauyuka. Kuma dukkansu akwai wata cuta da ke kama su a ranar da aka yi musu gata.

Ga yadda abin yakan faru. Direba ya shigo gareji da Hilux ɗinsa lafiya lau, ya ce a canja masa filtar mai. An canja. An murza makulli, mota ta tashi, ta yi kamar minti guda tana aiki, sai ta yi tari ta mutu. Daga nan ko za a kwana ana ba ta wuta, shiru. Direba ya dubi bakanike ya ce, "Maigida, da ƙafarta fa ta shigo." Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam, iska ta sha."

Gaskiyarsa. Injin gazuwal, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya yi nasarar tayarwa a 1897, ba ya amfani da tartsatsin wuta irin na motar fetur. Matse iska yake yi cikin silinda har ta yi zafin gaske, sannan a feso mai ya kama da kansa. Feshin nan sai da ƙarfi, domin bakin injekta ba ya buɗewa sai famfo ya turo mai da matsi mai yawa. To mai ba ya matsuwa, in an tura shi sai ya tafi. Iska kuwa kamar soso take: famfo ya danna, ta lotsa, ya saki, ta dawo. Sabuwar filta fanko take zuwa, cike da iska. Minti gudan da motar ta yi, ragowar man da ke cikin famfo ta ƙone.

Babban kuskure a nan shi ne a dage kan makulli. Batir ya mutu, sitata ta yi zafi, famfon da gazuwal ne ke shafe cikinsa yana juyawa a bushe. Masu sana'ar ba sa wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 suna ba da wuta, sannan su bar sitata ta huce.

Tsohon bakanike hannu yake fara kaiwa kan filta. A Hilux da Land Cruiser da Hiace masu gazuwal akwai ɗan famfon hannu a saman gidan filtar. Sai ya sa yaronsa ya yi ta dannawa. In akwai ƙaramin noti na fitar da iska, ya sassauta shi. Da farko kumfa ce za ta riƙa fitowa, sannan mai haɗe da kumfa, sannan mai zalla. A nan ake ɗaure notin, a ci gaba da dannawa har famfon ya yi tauri a ƙarƙashin yatsa. A tsofaffin injina, in iskar ta riga ta kai bututun ƙarfe, akan sassauta notinsu a bakin injekta, a ba da wuta har mai ya tsarto, a ɗaure ɗaya bayan ɗaya.

Amma a saurara da kyau: wannan dabara ta ƙarshe ta tsofaffin injina ce. Tun wajen 1997 aka fara sa wa ƙananan motoci tsarin da kwamfuta ke sarrafa feshinsa, irin wanda Toyota ke rubuta wa D-4D. Matsin mai a cikinsa yakan kai ninki 1,600 zuwa 2,000 na matsin iskar da muke shaƙa. Man da ya tsarto da wannan ƙarfi yana iya huda fata ya shiga nama. Ba a kwance bututunsa inji na juyawa. A waɗanda ke da famfon lantarki cikin tanki, buɗe makulli kawai ake yi ba tare da tayarwa ba, a jira kamar rabin minti, a rufe, a maimaita.

To idan an yi duk wannan, famfo ya ƙi tauri fa? Ko mota ta tashi yau, gobe da asuba ta ƙi? Nan ake gane gwani, domin ba ragowar iska ba ce, ƙofa gare ta. Sau da yawa tsohuwar robar filta ce ta manne a sama, aka ɗora sabuwa a kanta. Wani lokaci robar ta murɗe saboda ba a shafa mata ɗan mai ba. Akwai kuma na'urar gano ruwa da ke gindin filta, ita ma da tata robar, sai tiyon da rana ta gasa har ya tsage lokacin da aka ja shi. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, ba a ganin ɗigo a ƙasa, saboda a wannan ɓangare zuƙo mai ake yi, ramin da bai isa fitar da mai ba ya isa shigar da iska. Maganin gardama shi ne guntun tiyo garai-garai: a haɗa shi bayan filta, in kumfa na wucewa, a bi layi baya har a kama wurin.

Wani ma zai ce, me ya sa filta ke saurin toshewa a nan? Tun Nuwamban 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke tace mai, ganga 20,000 a rana ƙarfinta. Sai dai tsakanin matata da tankin mota akwai duro da jarka da mazurari, ga ƙurar hunturu, ga ruwan da ke kwanciya a gindin duro. Shi ya sa cika sabuwar filta da man jarka kafin a ɗaura ta, ko da yake yana rage wahalar famfo, ba dabara ba ce ga sababbin injina: dattin da ya shiga ta tsakiya ya riga ya tsallake tacewa.

Jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin shaƙar iska don mota ta tashi kuwa, ganganci ne, yana iya fasa inji ko ya tada gobara.

Saboda haka direbobinmu na Gidan Rumji da Tibiri da Cadakori, in an canja muku filta, ku nemi a nuna muku tsohuwar robar a hannu, kuma ku bar mota ta yi aiki ƴan mintoci a gareji kafin ku hau kwalta. A nan shirin ya kawo ƙarshe. Mu kwana lafiya.