Daga Colbert zuwa Mailafia: Wa ke da ikon rufe bakin shirin tattaunawa?

A watan Yulin 2025 gidan talbijin na CBS da ke Amurka ya sanar da cewa shirin dare na Stephen Colbert zai zo ƙarshe a watan Mayun 2026, duk da cewa shi ke kan gaba wajen yawan masu kallo a tsakanin takwarorinsa. Tashar ta ce batun kuɗi ne kawai. A watan Satumba kuma ABC ta dakatar da Jimmy Kimmel bayan gargaɗin shugaban hukumar sadarwar ƙasar, sannan ta maido da shi kafin mako ya cika.

Ga mutanen Kafanchan da sauran Kudancin Kaduna, wannan labari ba baƙo ba ne.

A watan Agustan 2020, marigayi Dokta Obadiah Mailafia, tsohon mataimakin gwamnan Babban Bankin Najeriya kuma ɗan asalin yankin, ya yi hira da tashar Nigeria Info ta Legas kan kashe-kashen da ake yi a mahaifarsa. A cikin hirar ya yi zargin cewa wani gwamnan Arewa na cikin jagororin Boko Haram. Cikin 'yan kwanaki hukumar NBC ta ci tashar tarar naira miliyan 5, adadin da aka ɗaga daga naira dubu 500 a wannan watan. Hukumar DSS kuma ta gayyace shi ofishinta na Jos.

Zargin yana da nauyi, kuma haƙƙin mai gabatarwa ne ya nemi hujja nan take. Amma tarar ta koya wa masu tashoshi wani darasi dabam: zancen Kudancin Kaduna yana da tsada, shiru kuwa kyauta ne. A farkon 2022 hukumar ta dakatar da Idon Mikiya na Vision FM, shirin da farin jininsa bai cece shi ba.

A Amurka ana da alƙaluman masu kallo da mai gabatarwa zai kare kansa da su. A nan yawancin ƙananan tashoshi sun dogara ne ga masu sayen fili da tallan gwamnati, saboda haka ɓacin ran mai mulki ya fi yawan masu sauraro nauyi a ma'auni.

A watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a James Omotosho, ta ce NBC ba kotu ba ce, don haka ba ta da hurumin cin tara. Sai dai hukuncin bai kai ga kiran wayar da ake yi wa manajan tasha da dare ba.

Ya kamata hadiman da ke rubuta wa iyayen gidansu takardun koke su tuna da wannan: shirin da aka rufe ba ya kashe magana, komawa take yi WhatsApp, inda babu edita balle damar mayar da martani. A yankin da jita-jita ke iya tayar da gari, wannan asara ce ga gwamnati kanta.