Yadda Ake Ɗaura Noti A Jikin Allon Da Cikinsa Iska Ce

Duk wanda ya taɓa ganin masu ɗibar zuma a ƙauyukan fadamar Haɗeja ya san saƙar zuma: ƙananan ɗakuna masu kusurwa shida, ba nauyi, amma sun riƙe juna gam. Wannan fasalin injiniyoyi suka kwaikwaya. Sukan saƙa alminiyam marar kauri ko wata takarda mai suna Nomex, su rufe sama da ƙasa da falle biyu. Da irin wannan allo ake yin daɓen jiragen sama da jikin da yawa daga cikin taurarin ɗan'adam, har da masu ɗauko hoton ambaliya irin wadda ta ci gonakin Jigawa a 2022.

Sai dai akwai matsala. Idan ka murɗa noti kai tsaye, ba abin da zai kama, domin cikin allon kusan duk iska ce. Ka matsa da ƙarfi kuma, saƙar ta murƙushe.

Maganin shi ne wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙwarƙwaron zare, wanda aka yi wa mazaunin noti a tsakiya. Ana huda fallen sama, a ɗan ƙwaƙule saƙar da ke kewayen ramin, a zaunar da ƙarfen daidai da fuskar allon. A kansa akwai 'yan huji biyu. Ta ɗaya ake ɗura gam mai ƙarfi, wato ifoksi, har sai ya ɓullo ta ɗayan, alamar iska ta fita ke nan. Idan gam ɗin ya daskare, nauyin da aka rataya wa notin ba ya taruwa a wuri guda, yana bazuwa cikin ɗakunan da ke kewaye. Inda kaya suka yi nauyi sosai, ana amfani da wanda ya ratsa allon har bayansa.

Gam ɗin ma sai da lissafi. Idan ya yi kaɗan, girgizar roka na iya fizge kyamara ko batir daga mazauninsa. Idan ya yi yawa, a tauraron da ke ɗauke da ɗaruruwan irin waɗannan ƙarafa, nauyin da aka guda ya dawo.

Ƙofofin nan masu araha marasa nauyi ma da yawansu saƙar kwali ce a ciki. Kafin ka kafa maratayi, ƙwanƙwasa ka ji inda katako yake, galibi ta gefe da wajen makulli.