Labarin Uwar Da Ta Bar Ɗanta Ta Tafi Kanada

Malaman makarantun 'yan mata, ga labarin wata da ta riga ku shiga wannan aiki da kusan shekara ɗari huɗu. Sunanta Marie Guyart, an haife ta a birnin Tours na ƙasar Faransa cikin 1599, ubanta mai gidan burodi ne. Tana da shekara 17 aka aurar da ita ga wani mai sana'ar siliki. Cikin 1619 ta haifi ɗa namiji, Claude, a shekarar kuma mijin ya rasu, ya bar mata bashi.

Sai ta koma gidan mijin yayarta, mai safarar kaya, har ta zama ita ke riƙe da lissafi, tana kula da dawaki da masu kekunan kaya. Amma zuciyarta na wani wuri. Ta ce cikin Maris 1620, tana tafe a hanya, aka nuna mata zunubanta duka a fili, tun daga ranar kuwa ba ta ƙara sha'awar duniya ba.

Cikin Janairu 1631 ta shiga gidan zuhudu na matan Katolika da ake kira Ursulin, watau waɗanda ba su aure, aikinsu ibada da koyar da 'yan mata. Yaron yana da shekara 11. Ya riƙa zuwa ƙofar gidan yana kuka a mayar masa da uwarsa, wata rana ma har da abokansa na makaranta suka taya shi kururuwa. Tana ciki tana ji, ba ta fito ba. Ni dai nan ne labarin ya fi yi mini nauyi, ita ma ba ta ɓoye ba, daga baya ta rubuta masa irin azabar da rabuwar ta ba ta.

Cikin 1639 ta shiga jirgin ruwa, bayan wajen wata uku suka sauka Quebec ta Kanada, ran 1 ga Agusta. Nan ta buɗe makarantar 'yan mata, 'ya'yan Faransawa da na 'yan ƙasa. Tana da shekara 40 ta zauna koyon harsunan mutanen wurin, har ta tsara ƙamus na Algonkin da na Irokwa. Gobara ta cinye gidan cikin 1650, ta sake ginawa. Abin da gwamnati ke so shi ne yaran su koma Faransawa, ita kuwa ta faɗi gaskiya cewa cikin ɗari da ƙyar a sami ɗaya. Wasu kan haura shinge su gudu wurin iyayensu.

Ta rasu ran 30 ga Afrilu 1672, ba ta sake ganin ɗanta ba. Shi ma zuhudu ya shiga, shi ne kuma ya tara wasiƙunta ya buga cikin 1681. Cikin 2014 Fafaroma Faransis ya sa ta cikin waliyyan Katolika.