Ɗigon Famfon Madafa Da Buhunan Masara

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, yau ba farashi muka kawo muku ba. Labarin wata hasara ce da ta same mu, domin wani ya tsira daga irinta.

A gidanmu madafa da sito bango ɗaya suka haɗa. Famfon madafar ya daɗe yana ɗiga. Uwargida ta yi magana ba sau ɗaya ba, mu kuwa kullum sai mu ce a bari kasuwa ta ci tukuna. Aka ɗaure wuyansa da tsumma, aka tara masa kwano. Ashe bayan ɗigon baki akwai wani tsiyaye a gindi, inda famfo ya shiga bututu, yana bin bango yana jiƙa daɓen sito. Ranar da dillali ya zo da mai saye, ya soka buhun ƙasa, sai ga masara ta yi baƙi-baƙi tana warin funfuna. Buhu bakwai muka fitar. Kuɗin sabon famfo da ladan mai gyara ba su kai kuɗin buhu guda ba.

Aka ba mu shawara mu shanya ta mu cakuɗa da mai kyau. Muka ƙi, don algus ne, kuma funfunar masara da ta gyaɗa tana haifar da dafin da likitoci ke kira afalatoksin, wanda ke lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe shi. A ƙasar Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu ta dalilin cin irin wannan masara. Haƙƙin rai ya fi ƙarfin buhu bakwai.

To, ga abin da muka koya. Yoyon famfo iri uku ne. In daga baki yake ɗiga bayan an rufe, robar ciki ce ta cinye. Yashin ruwan burtsatse da matsewar yara da ƙarfi su ke cin ta. Sai a sake roba kawai. In daga wuya ne, ƙarƙashin mariƙi, a ɗan ƙara ɗaure notin wurin. In kuwa daga gindi ne, ko jikin famfon ya tsage, ko irin na zamani ne mai rufewa da juyi kaɗan, sai a sake shi ɗungum.

Wajen saye, a tafi da tsohon, ko a garinku ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Na gidaje galibi rabin inci ne, akwai kuma mai inci uku bisa huɗu. A auna shi a hannu kamar yadda muke auna hatsi: na tagulla yana da nauyi, cikinsa rawaya ne. Mai sheƙi maras nauyi fenti ne bisa ƙarfe mai gautsi, shi ne kan tsage. A haɗo da farin tef na masu gyaran famfo.

Wajen ɗaurawa, a fara rufe makullin da ke gindin tanki, a buɗe famfo ruwan bututu ya tsiyaye. A riƙe bututu da sifana ɗaya, a juya famfo hagu da ɗaya. In ba a riƙe ba, bututun na iya karyewa cikin bango, gyara ya zama na magini. A goge tsatsa da tsohon tef. A naɗa sabon tef a zaren famfo ta wajen dama, yadda in ana ɗaurawa ba zai warware ba. A ɗaura da hannu, sa'an nan sifana kaɗan, ban da nuna ƙarfi. A buɗe ruwa, a sa busasshiyar takarda a gindi a dakata. In ta jiƙe, a kwance a ƙara tef.

Sito kuwa, kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango. A jera katako, a bar ratar da mutum zai zagaya ya duba. Mu mutanen kudu sai mun fi kula, don damina ta fi nauyi wajen Doguwa da Riruwai bisa ga arewacin Kano.

Wani zai ce ruwa ne fa, ga Tiga nan kusa. Gaskiya ne, madatsar da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo tana ƙasar Bebeji, ta tare Kogin Kano da ke gangarowa ta dajin Falgore, da ita ake noman rani a Kadawa da Kura. Amma ruwan da ke tankinka kai ka biya kuɗin man inji ko ladan ɗan garuwa. Kwana da yini daƙiƙa 86,400 ne. Famfo mai ɗigo ɗaya a daƙiƙa, ɗigo nawa ke nan? Mu mun tara jarka daga isha'i zuwa asuba, muka iske ta kusa rabi. A makarantar zaure mun karanta cikin Risala cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, da mudu guda ya yi alwala, da sa'i ya yi wanka, kuma mudunnabi bai kai mudun kasuwa ba. Mu da ba mu yarda tiya ta zube a ƙasa, yaya za mu bar ruwa yana kwana yana zuba?

Yau in an koma gida, kowa ya shafa bangon sitonsa ta wajen madafa. In da sanyi, kada a jira kasuwa ta ci. Allah Ya tsare mana dukiya, Ya sa albarka cikin nema. Haza wassalamu.