Rijiyoyi da Kududdufan Cikin Ganuwar Bauchi

Duk maganar adana tarihin Bauchi takan tsaya kan ganuwar da Sarki Yakubu ya kewaye garin da ita bayan kafa shi wajen 1809, da ƙofofi irin su Wunti da Ran. Amma ganuwa ba ta riƙe gari sai da ruwa a cikinta. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini sun zama kududdufai, rijiyoyin unguwanni kuma suka shayar da jama'a ko da maharan Ningi na kusa da gari. Don haka su ma sun cancanci a adana su. Wasu za su ce ai ga ruwan madatsar Gubi, kududdufi kuwa sauro kawai yake haifarwa. Sauro gaskiya ne, amma maganinsa yashewa. Kududdufin da aka cike, ruwan daminarsa gidaje yake shiga. Kafin a cike ko ɗaya, a auna zurfinsa, a sa shi a taswira, a ɗauki sunansa daga bakin dattawan unguwa.